Abdulbaƙi da Soron Mahaifinsa

Ranar da Abdulbaƙi ya fara yi mini maganar gidan nan, zafi ake yi irin na tsakiyar bazara, wanda ko kaza ba ta yawo, sai dai ta sami gindin bango ta buɗe baki. Babu iska ko kaɗan, kuma an ɗauke wuta tun safe. Ina zaune a rumfata ta wankin hula a Dala, sai ga shi ya zo ya tsaya a kaina.

"Mailafiya, taso in nuna maka wani abu."

Na ce, "A wannan rana? Ko walima ce a bari la'asar ta yi."

"Taso dai, malalaci. Hulunan nan ba gudu za su yi ba."

Na bi shi. Muka ratsa lungu har gidansu, muka wuce zaure, ya tura wata tsohuwar ƙofa muka shiga soron mahaifinsa. Wani sanyi ya sauko mini kamar na leƙa cikin randa. Na ɗaga kai na ga ɗaurin guga, wato bakan ginin da ya riƙe rufin, ya tashi daga kusurwa huɗu ya haɗu a tsakiya. Da Abdulbaƙi ya ga zufata ta bushe, sai ya dube ni.

"Ka ji ko? Babu fanka, babu janareta. Wannan 'yan'uwana suke so a rushe a yi shagunan bulo."

Bari in faɗi wane ne shi, don wanda bai san shi ba. Abdulbaƙi sa'ana ne, tare muka yi makarantar allo, kuma ni da shi babu wanda ya yi nisa a boko. A gidan nan aka haife shi, shi ne auta. Mahaifinsa baduku ne, yana yin jakunkuna da kube da takalma na jar fata, shi kuma tun yana ƙarami yake zaune a gefensa yana riƙe masa basilla. Ya gaji sana'ar, ya gaji haƙurin. Mutum ne da ba ya iya zubar da komai. Guntun fatar da wani zai share, shi sai ya ajiye, wata rana ka gan shi ya zama marfin madubi ko igiyar mabuɗi. Ya auri Maryam suka zauna lafiya, ta haifa masa 'ya'ya mata, duk ya aurar da su, sannan Allah ya karɓi abarsa. Yayyensa kuwa kowa ya yi gida a sababbin unguwanni. Gidan da a da ake dafa tuwo a babbar tukunya ya koma shi kaɗai a ɗaki guda, sauran ɗakunan sai ƙadangaru.

Sana'ar ma ta ja baya. Takalman roba sun cika kasuwa. Ya riƙa ganin abokansa masu aikin hannu ana tashinsu daga shaguna ɗaya bayan ɗaya, wannan ya koma tuƙa a-daidaita-sahu, wancan ya koma gadi. Daga nan tunanin ya shige shi.

A soron nan ya zayyana mini shi. Yana so ya cika gidan da masu sana'a, su zauna tare su yi aiki tare. Marini a bayan gida inda tsofaffin rijiyoyin rini suke. Masaƙi a rumfa. Mai zayyanar allo a soro, saboda tawada ba ta son zafi. Mata masu saƙar faifai da haɗa turaren wuta a cikin gida, da ƙofarsu daban. Zaure kuma ya zama wurin baje kayan kowa, wanda ya shigo sayen hula ya ga takalmi, wanda ya zo don takalmi ya ga allo. Ba za a karɓi haya ba, amma kowa zai ba gidan aikinsa. Abin da ya fi faranta masa rai shi ne babu abin da za a zubar. Tokar murhun mata ta tafi wurin rini. Ruwan wankin hulata ya tafi gindin zogale da lalle. Katsi, wato dattin da ke kwantawa a ƙasan rijiyar rini, a haɗa shi da gashin da majema ke kankarewa daga fata, a zuba ruwan dafara, wata saiwa da ake jiƙawa ta yi yauƙi, ya zama laso, a shafe rufin soro da shi ruwa ba zai ratsa ba.

Ya ce, "Ka gani? Shararmu ce za ta riƙa rufa mana asiri."

Na ce, "To ni ina wurina?"

"Kai gindin rijiya, tunda ba ka da aiki sai jiƙa kayan mutane."

Sai dai gidan na gado ne, ba nasa shi kaɗai ba. Magada sun daɗe suna son a sayar a raba, har an sami mai saye. Wadda ta tsaya masa ita ce yayarsa Husaina, babbarsu duka, mace mai baki amma mai zuciya. Ina nan ranar da ta zo ta faɗa masa yadda suka ƙare da sauran.

"Auta, na yi maka faɗa har muryata ta dishe. Sun ce ka je ka yi haukanka, amma damina ɗaya. In kaka ta yi gidan yana tsaye, da mutane a ciki suna aiki, a bar maka riƙo. In ba haka ba, a sayar, kuma kada in ji bakinka."

"Na gode, Yaya."

"Riƙe godiyarka. Kuma wallahi ka kawo mini majema gidan ubana, ni da kaina zan kira mai sayen. Wari ba gado ba ne."

"Gashin kawai za a kawo, Yaya."

"Gashi! Ji shi. Mutane suna tara dukiya, ƙanena yana tara gashin akuya."

Dariya ta yi, shi ma ya yi.

Mutane suka fara shigowa. Abdulhakim marini ne na farko, mutum mai faɗa da saurin aiki, hannayensa shuɗi har gwiwa. Ya tone tsofaffin rijiyoyin, ya kuma kwaso katsi daga inda yake aiki a da. Malam Nazir mai zayyana ya shimfiɗa buzunsa a soro, ya jera alluna a jikin bango, ja da kore da ruwan ɗorawa. Wani masaƙi ya kafa kayansa. 'Yardada, wata bazawara mai saƙar faifai, ta zo da ƙawayenta suka share cikin gida. Ni ma na kwaso gumakan shanya hulata. Da safe sai ka ji gidan yana motsi: ƙarar ƙoshiyar masaƙi, kamfatar ruwan rini, ƙamshin turare yana fitowa daga ciki. Ranar Juma'a a ci ɗumame tare a zaure. Tun rasuwar Maryam ban ga Abdulbaƙi yana cin abinci da marmari ba sai a lokacin.

Abu ɗaya ya rage, rufin soro. Tsohon lason ya ɓaɓɓare, akwai tsaga da hannu zai shiga. Dole a sake shi kafin ruwa ya sauka. Aka tara komai, katsi da gashi da dafara, aka kira magini. Masu iya laso yanzu ba su da yawa, kuma duk cikin gari kusan daga hannu ɗaya suka fito. Maginin ya shigo ya ɗaga kai ya dubi ɗaurin gugan, ya daɗe yana kallo, sai ya sunkuyar da kai.

"Wannan aikin Baba Hammadu ne."

Abdulbaƙi ya ce, "Shi ne. Shi ya gina wa mahaifina tun yana saurayi."

"Ai yana raye."

"Yana raye, yana Kabara wurin 'yarsa."

"To ni ba na hawa kan aikinsa sai ya ce in hau. Shi ya koya wa wanda ya koya mini. Je ka karɓo mini izini, gobe in zo da yarana."

Haka suke a tsakaninsu, su waɗannan magina. Gini na wanda ya gina shi ne har ya mutu, ko ya buɗe baki ya ce wane ya hau. Aka kira na biyu, ya faɗi abin da na farko ya faɗa. Babu wanda ya ɗauki abin da zafi. Magana ce ta zuwa gaisuwa a dawo.

Ni na raka shi Kabara. Muka sami Baba Hammadu a kwance a kan tabarma a ƙofar ɗaki, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Tsoho ne tukuf, amma idonsa garau. Da ya gane Abdulbaƙi sai ya yi ƙoƙarin tashi.

"Ɗan Malam! Kai ne ka yi furfura haka? Har ka kusa kamo ni."

"Baba, ya jikin naku?"

"Jiki ya yi sauƙi. Ƙafar nan ce take yi mini gardama."

Abdulbaƙi ya ba shi labarin gidan, da mutanen da suka shigo, da katsin da aka tara. Tsohon yana ji yana gyaɗa kai. Da aka zo kan rufin soro, kafin Abdulbaƙi ya kai ga abin da ya kawo mu, sai fuskar Baba Hammadu ta washe kamar an yi masa albishir.

"Allahu akbar. Ashe akwai wanda ya tuna da ni. Soron nan na san shi kamar tafin hannuna. Azarar da ke ciki ni na zaɓe ta da kaina. Kada ka bari yaran nan su taɓa maka shi, ba su san kwaɓi ba, gaggawa ce da su. Ka bari in ji ƙarfin jikina, bayan Salla zan zo."

Na dubi Abdulbaƙi. Ya ce, "To, Baba. Allah ya ƙara sauƙi."

Muka kamo hanya. Sai da muka kusa gida ya ce, "Zan koma. Yau ba ranar faɗa masa ba ce."

Ya koma bayan Salla, ni ma ina tare da shi. Ya shirya maganarsa tun daga gida, har yana maimaita mini ita a cikin a-daidaita-sahu: Baba, ku zauna a ƙasa ku riƙa nunawa, wani ya hau. Da muka shiga sai muka ga tsani jingine a bangon tsakar gida, an ɗaure matakalansa da sabuwar igiya. 'Yarsa Zaituna ta ja mu gefe ta ce tun ranar da muka zo ya sa aka ciro shi daga ɗakin shirgi aka gyara, aka jingine inda zai riƙa ganinsa. Ta ce ya sa an wanke masa rigar aiki. Ta ce da can sai an yi da gaske yake shan kunu, yanzu shi yake tambaya, wai yana tara ƙarfi.

"Ban san me kuka faɗa masa ba, amma Allah ya saka muku. Kun dawo mini da ubana."

Abdulbaƙi ya durƙusa ya gai da tsohon. Baba Hammadu ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya dunƙule ya buɗe.

"Ka gani? Saura kaɗan. Jiƙa mini dafarar, kada ta bushe."

"An jiƙa, Baba."

Shi ke nan abin da aka faɗa a ranar.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas. A gida magana ta yi zafi. Abdulhakim ya tare shi a gindin rijiya a gaban kowa.

"Malam Abdulbaƙi, ni na bar wurina na zo nan saboda kai. Mutumin da ba ya iya zuwa bayan gida da ƙafarsa, shi muke jira ya hau soro?"

"Ka yi haƙuri."

"Haƙuri laso ne? In kunya kake ji, ni ba na ji. Ba ni kwatancen gidan."

"Ba za ka je ba."

"To a samo mai siminti ya shafe mana."

"Siminti a kan ƙasa? Nauyi zai yi, ruwa ya shiga ta ƙarƙashi ya rasa hanyar fita. Kuma kafin ya bushe labari ya kai Kabara."

Husaina ma ta zo, wannan karon babu wasa a bakinta.

"Auta, ni tsohuwa ce, zan iya faɗa wa tsoho gaskiya. In je in ce, Baba, ka yi naka, Allah ya yi albarka, ka sallama wa yara. Mene ne a ciki?"

"Yaya, ba ki ga tsanin ba."

"Tsanin me? Gidan ubanmu fa ake magana."

"Na sani. Mutumin nan shi ya ɗauke ni a kafaɗa ya nuna mini yadda ake kafa zanko a saman soro. Yanzu abu ɗaya ya rage masa a duniya, ya ɗauka ana jiransa. In je in ce masa ba a jiransa?"

Ta ce, "Halin Baba ka ɗauko, shi ma haka ya ƙare ba shi da komai sai mutunci." Ta ja mayafinta ta fita.

Ni ma Abdulbaƙi ya tambaye ni abin da ya kamata ya yi. Na ce masa ban san amsa ba, kuma har yau ban sani ba.

Abin da aka iya yi shi ne tamfol. Mu da kanmu muka hau muka shimfiɗa, muka danne da duwatsu, tunda wannan ba gini ba ne. Ruwan farko ya wuce lafiya, na biyu ma haka. Daga baya wata iska ta yage shi, muka ɗinke, ta sake yagewa. Ruwa ya riƙa taruwa a inda ya lotsa, maimakon ya bi indararo sai ya bi tsagar. Wani tabo ya fito a cikin soron ta kusurwar yamma, kullum yana faɗi. Malam Nazir ya kwashe allunansa ya koma zaure. Abdulbaƙi ya ci gaba da zuwa Kabara, kowane zuwa da niyyar faɗa wa tsohon gaskiya, kowace dawowa da gaisuwar Baba Hammadu.

Da marka ta kama, aka yi kwanaki ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Wata rana bayan azahar muna zaune a zaure, ruwan ya ɗan tsagaita, sai muka ji wani ƙara a hankali kamar ana karya kara. Sannan ƙasa ta girgiza. Da muka leƙa, soron ya zauna. Rufin ya rufta ciki, ya ja bangon ɗakunan da ke jikinsa, ya danne rumfar masaƙi. Allah ya kiyaye babu kowa a ciki. Mata suka fito suna salati. Abdulbaƙi ya tsaya a cikin yayyafi yana kallon azarar da ta fito waje, baƙa, ta jiƙe. Abdulhakim, wanda na ɗauka zai yi magana, sai ya je ya kama hannunsa ya shigar da shi zaure.

Ba a watse a rana ɗaya ba. Masaƙi ya fara tafiya, tunda kayansa sun karye. Matan suka ji tsoron sauran bangon, 'Yardada ta zo ta durƙusa ta ba shi haƙuri tana kuka. Malam Nazir ya bar masa allo guda kyauta. Abdulhakim ya zauna har ƙarshen damina, ya ce shuninsa bai gama nuna ba, amma mun san ba shuni ya zaunar da shi ba. Da kaka ta yi magada suka taru. Husaina ta yi shiru a taron daga farko har ƙarshe, ita da ba a taɓa jin shirunta ba. Alkawari ne, kuma Abdulbaƙi bai yi musu ba. Aka sayar.

Zuwanmu na ƙarshe Kabara, Baba Hammadu ya rame ƙwarai, muryarsa sai an kasa kunne. Zaituna ta riga ta ji labari, ta hana kowa faɗa masa. Ya kama hannun Abdulbaƙi.

"Ɗan Malam, na saɓa maka. Daminar nan ta yi mini sauri. Soron bai yi yoyo ba dai?"

"Bai yi ba, Baba."

"Na faɗa maka. Aikin da aka yi da gaskiya ba ya kunyata mai shi. Da rani zan zo."

"Allah ya kai mu, Baba."

Bai kai ranin ba. Abdulbaƙi yana cikin waɗanda suka ɗauki makararsa.

Sau ɗaya na taɓa tambayar Abdulbaƙi ko da za a mayar da shi baya zai faɗa wa Baba Hammadu gaskiya. Ya daɗe yana huda fata bai ɗago ba. Sannan ya ce, "Wata rana in ce da na faɗa. Wata rana in ce da na faɗa, da a ranar na binne shi. Mutanen da suka bar wurarensu saboda ni su ne ke hana ni sukuni." Ban sake tayar da maganar ba.

An rushe abin da ya rage na gidan, an cike rijiyoyin, an yi shagunan bulo ana sayar da kayan waya. Ni na koma rumfata. Abdulbaƙi yana zaune a gidan Husaina kusa da Ƙofar Ɗan Agundi, a wani ɗaki na ƙofar gida. Idonsa ya fara rauni, ya daina yin sababbin kaya, sai gyaran takalma da jakunkunan 'yan makaranta a bakin titi, daga safe zuwa la'asar.